Minti Ukun Malam Bango

Shekara ashirin da biyu mijin yayata yana yanke wa littattafan zane hukunci a mujallarmu, kuma na rantse ban taɓa ganin ya ba littafi ɗaya fiye da minti uku ba. Ni ce mai tsara shafukan mujallar, teburina yana kallon nasa, saboda haka ba labari aka ba ni ba. A gabansa Malam muke ce masa. Da ya ba da baya kuwa, daga edita har matar da ke share ofis, Malam Bango kowa ke kiransa, don saninsa a kan kowane littafi daga bangon gaba yake farawa, a bangon baya ya ƙare. Tsakiyar kuma sai Allah.

Ga yadda aikin yake. Za a kawo masa sabon littafi, ya ɗora a tafin hannu ya jinjina nauyinsa kamar mai sayen kankana. Ya kai hanci ya shinshina tawada. Ya ƙura wa bango ido ta saman tabarau, ya ce "hmm". Sannan ya sa babban yatsa ya saki shafukan, frrr, iska ta ɗan kaɗa masa gemu. Shi ke nan, an karanta. Kafin shayinsa ya huce ya rubuta shafi guda, ya raba taurari. Jimlolinsa ba su fi biyar ba, juya su kawai yake yi: "hannun bai nuna ba", "akwai sauran aiki", "inuwa ta yi yawa", "inuwa ta yi kaɗan", sai kuma "a namu zamanin". Wane zamani? Oho.

Asalinsa shi ma mai zane ya so zama. Yaya ta taɓa nuna mini littafin zanensa na samartaka, muka yi dariya har da hawaye. Kowane mutum a ciki hannunsa a aljihu ne ko a bayansa, saboda Malam bai iya zana yatsu ba. Har jariri ya zana da hannu a aljihu. Da abin ya gagara sai ya koma tsaron wani shago da ake ba da hayar littattafan zane. Daga can ne ya rubuto wa mujallar wasiƙar zagin wani mai zane, tsohon editanmu ya karanta ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce a ba wannan mai bakin shafi guda. To, shafin nan ne har yau. Mutane na son a ci mutuncin wani su karanta, masu shaguna kuma da taurarinsa suke yin oda. Na san masu zane uku da suka ajiye alƙalami gaba ɗaya saboda minti ukun nan.

Rabin shafin na ƙasa labarai ne: wane kamfani zai fitar da me, wa ya bar wa, wane littafi za a mayar fim. "Majiyarmu mai tushe," in ji shi. Majiyar mai tushe direban da ke kawo mana takarda daga maɗaba'a ne. Akwai ranar da Malam ya buga cewa wani tsohon mai zane ya rasu, har da addu'a mai ratsa jiki. Ranar Litinin mamacin ya hau matakalarmu da lemarsa a hannu, yana neman wanda ya kashe shi. Malam ya shige banɗaki bai fito ba sai da tsohon ya gaji ya tafi. A fitowa ta gaba ya rubuta cewa labarin da ya ba da ya "farfaɗo da sunan" mutumin.

Yaya ta zauna da shi shekara ashirin da shida, ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Tela ce, kekenta a falo. Ɗakin da ya fi kowanne girma da iska a gidan, wanda ke kusa da ƙofar shiga, shi Malam ya mayar ɗakin karatu. Kanta daga ƙasa har rufi, littattafai sun fi dubu, kowanne a cikin ledarsa yadda ya zo. A bayan ƙofa ƙusa ce ɗauke da katunan wuya na duk wani baje-kolin littattafan zane da ya taɓa halarta, sun yi tuli kamar albasa a rataye. Da baƙo ya zo, can ake fara kai shi.

'Yarsu ɗaya ce a raye, Auta. Ita kaɗai ta karanta littattafan nan, kuma a sace. In uban ya fita sai ta tsaga leda da reza, ta kwanta rub da ciki a ƙarƙashin keken uwarta ta cinye littafi, ta mayar, ta liƙe bakin ledar da dutsen guga. Manga ta fi so, irin waɗanda ake buɗewa daga dama a bi su zuwa hagu, wato inda muka saba ganin ƙarshen littafi nan ne farkonsu. Daga su ta koyi zane. Tana da shekara goma sha biyu ta kai masa hoton uwarta tana ɗinki, yatsu goma cif, kowanne da gaɓoɓinsa. Ya ɗaga kai ya kalla, ya ce akwai sauran aiki, ya mayar da kai kan takardarsa.

Ciwon Yaya wata goma sha huɗu ya yi. Ni da Auta muka yi jinya, muna karɓa-karɓa, ita ta ajiye karatunta na kwaleji. Mu ne wanka, mu ne juyi, mu ne bin layin asibiti. A cikin watannin nan Malam ya halarci baje-koli shida, ya zauna a kan mumbari ya yi jawabi a kan makomar zane. In yana gari, daga falo yake ɗaga murya ya ce, "Ya mai jiki?" Wai warin magani yana tayar masa da zuciya. Kowa ya zo dubiya sai ya tare shi a ƙofa ya ba shi labarin yadda ciwon matarsa ya hana shi barci. Ranar jana'iza kuwa shi ya fi kowa kuka, sai da maza biyu suka riƙe shi. Ni dai kallonsa kawai nake yi, don in na buɗe baki ba za a ji da daɗi ba.

Bayan makoki da sati biyu Auta ta haɗa jaka ɗaya ta dawo gidana. Ba faɗa, ba zagi. Ta ce masa za ta ɗan kwana biyu wurin Inna, wato ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kwana biyun nan ya zama shekara biyu. Tana gaishe shi a waya duk ƙarshen mako, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. A teburin cin abincina ta zana littafinta, kullum bayan ta dawo daga kantin da take aikin buga katunan biki. Shafi sittin da huɗu, baƙi da fari, kusan babu magana a ciki sam, sai hotuna. Kuma daga dama ake buɗe shi, yadda ta koya.

Farkonsa mace ce tana shanya a tsakar gida, tana dariya, yarinya na miƙa mata maƙalan kaya. Sai tari. Sai bencin asibiti. Sai zobe ya fara yi wa yatsa yawa, ɗankwali ya fara yi wa kai yawa. Sai gado, da cokali, da hannun yarinya a ƙarƙashin wuyanta. Shafi na ƙarshe gado ne babu kowa, an ninke zani an ajiye a kai. Mijin yana ciki, amma ba a taɓa nuna fuskarsa ba: takalmansa a bakin ƙofa, akwatin tafiyarsa, wani lokaci ƙeyarsa. Ranar da ta ba ni na karanta, sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Yayata ce sak, har yadda take karkata kai in za ta zura zare a allura.

Wani ƙaramin kamfani ya karɓa ya buga, da sunan aro a bango. Na ce mata, "Auta, me ya sa ba za ki sa sunanki ba? Ko ba komai ubanki ya ba ki taurari biyar."

"Shi ya sa, Inna," ta ce. "In ya san nawa ne, zai yabe shi bai buɗe ba. Ni ba taurari nake so ba. So nake ya karanta. Gidansa ne a ciki, matarsa ce a ciki. In ya gane mu da kansa, ba wanda ya faɗa masa, wallahi ran nan zan kwashe kayana in koma gida. Tsufa yake yi, shi kaɗai ne a gidan nan."

Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa masa ba, ko da ido. Na yi. Amma a raina na ce yarinyar nan ba ta san halin ubanta ba.

Ranar Talata littafin ya iso teburinsa tare da wasu guda huɗu. Ina zaune ina yi kamar ina gyara shafin wasiƙu. Ya ɗauka. Ya jinjina. Ya shinshina. Bangon biyu duka hoto ne, sai ya kama shi yadda ake kama kowane littafi, ya buɗe daga hagu. A cikin bangon nan Auta ta sa kibiya da layi ɗaya: nan ne ƙarshe, juya littafin. Manyan baƙaƙe, makaho ma sai ya ji su da hannu. Amma Malam ba ya karanta abin da ke cikin bango, "surutun marubuta" yake ce masa. Wannan mutumin fa shi ne mai bugun ƙirji cewa shi ya fara kawo kalmar manga cikin mujalla, har lacca ya taɓa yi a kan yadda ake buɗe su. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa ɗan gida zai yi irinsa ba.

Frrr. Wannan karon, a gaskiya, ya ɗan tsaya a wurare biyu ko uku. Na duba agogon bango. Minti uku da 'yan daƙiƙai.

Da la'asar sharhin ya iso kwamfutata don in zuba shi a shafi. Har yau na haddace shi:

"Wannan littafi ƙarya ce tsagwaronta. An fara da gado babu kowa, sai ga mace a kai rai a hannun Allah. Kafin ka ankara ta buɗe ido, ta sha kunun asibiti, ta miƙe, ta yi ƙiba, ta ƙare tana shanya tana dariya. Haka ake warkewa? Duk wanda ya zana wannan bai taɓa zama a gefen gadon marar lafiya ko na awa ɗaya ba. Mu da muka ɗanɗana mun san yadda abin yake. Mijin ma ba shi da fuska, sai takalma da akwati, da alama mai zanen bai iya fuskar namiji ba. Tauraro ɗaya, shi ma don ingancin takarda."

Sau uku na karanta. Na tashi na je gaban teburinsa. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanwar mata, shi ya sa nake iya faɗa masa abin da edita ba ya iyawa, amma ran nan ba wasa a muryata.

"Malam, don girman Allah ka sake duba littafin nan. A hankali. Tun daga bango."

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Ke aikinki jera layi ne, ko kin zama mai sharhi ban sani ba? Shekara ashirin da biyu ba a taɓa mini waƙafi ba."

"Ba waƙafi nake magana ba. Ka buɗe shi kawai."

"Na buɗe. Na gani. Na rubuta." Ya jefa littafin cikin kwalin da yake tara waɗanda zai kai gida.

Na fita baranda na kira Auta, na karanta mata duka, ban rage ko kalma ba. Na ce mata shafin yana hannuna, ina iya cewa fayil ya lalace, ina iya jan ƙafa har a rufe mujalla babu shi. Can ta ce, "Ki zuba shi yadda ya rubuta, Inna. Kar ki gyara masa komai." Na zuba. Har na zaɓa masa harufa masu kauri.

Mujalla ta fito ranar Alhamis. Kafin azahar wayar ofis ta ɗauki zafi. Masu karatun yanzu ba irin na da ba ne, sun san manga kamar tafin hannunsu. Wani ya ɗauki hoton sharhin ya ajiye kusa da hoton kibiyar nan, ya watsa. Wata ta rubuto tana tambaya ko Malam daga ƙafa yake fara sa riga. Edita ya rufe kansa a ofis yana shan maganin ciwon kai. Malam kuwa ya shigo yana huci, ya ce maɗaba'a ce ta ɗinke littafin a juye. Da aka nuna masa ba haka ba ne, sai ya ce tarko ne, maƙiyansa ne suka haɗa baki da wani yaron banza don su zubar masa da mutunci. Ya buga tebur ya ce sai an kawo masa mai zanen nan ya ba shi haƙuri.

Na ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Na san mai zanen. Ranar Asabar da safe zan kawo maka har gida."

Auta ba ta yi gardama ba. Abin da ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, shi ne na ga ta goge kayanta ta jera a jaka ranar Juma'a tun kafin magariba. Bayan duk wannan! Na tambaye ta, ta ce, "Ai bai karanta ba tukuna, Inna. Juya shi ya yi. Bari ya karanta."

Muka same shi a ɗakin karatu, ya sa babbar riga, ya shirya kujera ɗaya a gabansa ta mai laifi. Da ya ga Auta ya ɗan saki fuska. "A'a, 'yar gidan Inna, yau an tuna da mu? Zauna can, baƙo nake jira." Ya leƙa bayana. "Ina yaron?"

Auta ta zauna a kujerar mai laifin. Ta ciro littafin daga kwalinsa, ta juya shi, ta ajiye a gabansa.

"Daga nan ake farawa, Baba."

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya kalli littafin. Sannan ya gyara tabarau, ya buɗe shafin farko.

Ban taɓa ganin haka ba. Shafi ɗaya, ya tsaya. Ya juya, ya tsaya. Wurin da matar ke zura zare, ya sa yatsa a kan fuskarta ya daɗe. Wurin zoben, ya matso da littafin kusa da idonsa. Wurin takalma da akwati ya yi saurin juyawa, sai kuma ya dawo baya ya sake kallo. Babu abin da ake ji a ɗakin sai fanka da ƙarar takarda. Auta ta haɗa hannuwa a cinya. Minti arba'in ya yi. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta fara sanyi. Na ce ashe dai akwai mutum a cikin rigar nan. Har na fara tunanin wa zai taya mu ɗauko kayan zanenta.

Ya kai gadon da babu kowa. Ya rufe littafin a hankali, ya cire tabarau ya goge ido da gefen hannun riga. Muryarsa a dishe ya ce, "Uwarki ce."

"Ita ce, Baba."

"Kin iya hannu." Ya mayar da tabarau. Sai na ga ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, irin zaman da yake yi a kan mumbari. Ya sake buɗe littafin wajen shafukan jinya, ya ƙwanƙwasa hoton da farce.

"Sai dai akwai kuskure ɗaya, kuma ya maimaitu kusan shafi ashirin. Mai zane dole ya riƙa lura. Gadon uwarki ba a jikin taga yake ba. A jikin bangon can yake, kusa da kabad."

Na yunƙura zan yi magana, Auta ta dafa mini gwiwa. Ta kalle shi, ba hawaye, ba ɗaga murya.

"Mun matsar da shi, Baba. Ni da Inna, wata biyar kafin ta rasu. Ita ta roƙe mu. Ta ce daga tagar tana iya ganinka in za ka fita, da in ka dawo."

Yatsansa na nan a kan hoton, bai ɗauke ba. Auta ta miƙe, ta rataya jakarta a kafaɗa.

"Inna, tashi mu tafi gida."